Gidan Hayar da Aka Fara da Ƙofofi

Kowa a layin ya san shi da Tartsatsi. Sunan ya samo asali tun yana yaron shago, ranar da wuta ta cinye masa rabin gira bai ko ajiye sandar walda ba, kuma har ya yi furfura sunan bai sake shi ba. Shagonsa na bakin titi ne, daidai kwanar da motoci ke rage gudu, rumfar kwano a gaba, ɗaki ɗaya a baya, sai wani tsohon janareto da ba ya tashi sai an lallashe shi. A nan ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe. Da shagon ya yi aure, da shi ya ciyar da 'ya'ya biyar, har babbarsu ta zama ma'aikaciyar jinya. Saye ya yi, ba haya ba, kuma in kana son ganin ɓacin ran Tartsatsi, to tambaye shi ko zai sayar.

Mutum ne mai taurin kai, wannan kam ko matarsa ba za ta kare shi ba. Amma ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba. Tsoro ne ya yi masa yawa, kuma tsoron na da dalili. Ubangidansa, wanda ya koya masa sana'ar, da makanta ya ƙare. Hasken walda ya yi ta cin idonsa a hankali har ya gama da shi, ga shi ba gona, ba gida, ba fansho. Tartsatsi ya sha ganin ana riƙo wa tsohon sanda zuwa shagunan yaran da ya yaye, ya zauna yana ba da labarin da, yana jira a damƙa masa wani abu kafin ya tashi. Duk ranar da Tartsatsi ya koma gida idonsa na zafi kamar an watsa masa yashi, matarsa na ɗiga masa magani, tsohon nan yake tunawa.

Yawancin masu ba shi aiki kuwa masu gidajen haya ne. Sukan zo da farar riga, ko ɗigon gumi babu, tarin makullai na kaɗawa a hannu, su ba da awo su wuce. Wata rana ɗaya daga cikinsu, yana jiran a ɗora masa tagogi a mota, ya ce, "Tartsatsi, ka nemi abin da zai yi maka aiki kana barci. Gidan haya ba ya ciwo, ba ya cin abinci, ba a sace shi." Abin da mutumin bai faɗa ba shi ne, gidajen nasa gado ya ci, ko bulo ɗaya bai taɓa saye da guminsa ba. Maganar dai ta shiga kan Tartsatsi ta zauna daram.

Ya yi ta tari har ya sayi fili a bayan gari, lokacin wurin ba kowa sai awaki. Ya zana gidan a ƙasa da guntun rodi ya nuna wa matarsa: ciki da falo guda shida, uku na kallon uku, tsakar gida a tsakani. Kuɗin harsashi babu. Abin da yake da shi ƙarfe ne da hannu. Duk aikin da ya yi wa mutane yakan bar ragowa, duk ranar da kasuwa ta yi sanyi sai ya tayar da inji ya yi wa kansa aiki. Haka ya haɗa ƙofofi shida da tagogi goma sha biyu tun ba a haƙa ko rami ɗaya a filin ba.

Ƙofofi ne na gaske, a faɗi gaskiya. Kowace daga faifan ƙarfe ɗaya ya yanko ta, ba haɗi, mai kaurin da sai ƙarti biyu ke ɗaga ta. Ya yi su sirara kamar yadda ake yi a wancan zamani, don a ganinsa ƙofa mai faɗi ɓarawo take yi wa maraba, duka ɗaya ta lanƙwashe. Tagogin ma ƙanana, rodi a jere ba masaka tsinke. Ya jingine su a ɗakin baya, duk shekara ya fito da su rana ya shafe su da jan fenti don kada tsatsa ta taɓa.

"Malam," in ji matarsa, "mutane da harsashi suke fara gini, kai ka fara da makulli. Me za ka kulle a filin, iska?"

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji shi.

"To Allah ya kawo tafiyar. Gorar dai ta gaji da jira."

Tafiyar ta zo, amma da rarrafe. In shekara ta yi kyau a sayi bulo a ɗora 'yan layuka. In ta yi tsanani, ko wani yaro na neman kuɗin jarrabawa, ciyawa ta rufe yashin da aka sauke. Siminti kuwa ba ya jiran kowa, abin da ya sayi buhu goma bara, bana da ƙyar ya sayi shida. A duk gidan, mutum ɗaya ce ke iya tsayawa ta faɗa masa magana ido da ido, wato babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinyar nan, wadda yake kira Uwata. Wata ranar hutu ta bi shi filin, ta zagaya bangon da bai wuce ƙugunta ba.

"Baba, me zai hana ka gama biyu tukuna, ka rufe su ka sa mutane? Kuɗin hayarsu sai su riƙa ɗaga sauran."

"In gama biyu in bar ƙofofi huɗu a jingine? Gida ɗaya ne, tare zai tashi."

"To ka taɓa zama ka haɗa abin da ka zuba a wurin nan? Na tambayi abin da ake biya a unguwar. Ko duk shidan sun cika, ba mai fashin biya, ba abin da ya lalace, sai ka kusa shekara ashirin kafin kuɗinka su dawo. Da sabon inji ka saya, ka ɗauki ma'aikata biyu, kai ka zauna kana duba aiki, idonka ya huta."

"Inji yana mutuwa, ma'aikaci yana guduwa. Kin taɓa ganin gida ya gudu?"

Ta ƙyale shi, don ta san ubanta. In ya kafe a kan abu, ko gungumen ƙarfe ya fi shi saurin lanƙwasuwa.

Da bango ya tasa, birkila ya zo shago da tef ɗinsa don ya auna ƙofofin. Ya auna, ya sake aunawa, ya sosa ƙeya.

"Maigida, waɗannan ai na da ne. Yanzu ba a barin ƙofar falo haka. Bari in ƙara faɗi, kai kuma ka haɗa wasu."

Kada ka ɗauka Tartsatsi bai sani ba. Shi da hannunsa yake haɗa wa mutane manyan ƙofofi a 'yan shekarun nan, yana yi yana tsaki, yana cewa gayu ne da ɓarnar ƙarfe. Amma a ce ƙofofin da ya yi shekara da shekaru yana shafa wa fenti, waɗanda su ne farkon abin da ya mallaka na gidan, ya mayar da su gwangwani? Zuciyarsa ta ƙi.

"Ka gina bango daidai ƙofa," in ji shi. "Mutum ne zai shiga, ba mota ba."

Birkila, wanda kuɗin aikinsa ne ya dame shi ba faɗin ƙofar wani ba, ya zuba linta, simintin saman ƙofa, daidai awon.

A nan ginin ya tsaya, bango ya kai linta, sama a buɗe. Rufi ba a yin sa da kaɗan-kaɗan, ko ka rufe gaba ɗaya ko ka bari, kuma kuɗin kwano da katako sun fi ƙarfin duk wani tarin da zai iya yi. Damina uku ta sauka a kan bangon tsirara. Ya yi baƙi, gansakuka ta kama gindinsa, wata tsaga ta fito daga kusurwar ɗaki na huɗu tana gangarowa. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da an ɗauke sai ka gan shi a kan babur ya nufi filin, ya sa yatsa a tsagar ya ji ko ta ƙara buɗewa. Tana kuwa ƙarawa.

A wannan tsakani ne Uwata ta ja shi asibitin ido, don ta lura yakan miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kuskure. Likita ya duba ya ce na hagu ya yi nisa, na dama ma ya kama hanya, in yana so ya ci gaba da gane fuskar jikokinsa to ya rage walda ƙwarai. Ido na tafiya, bango na tsagewa, kuma Tartsatsi bai san wanda zai riga wani ba.

Maƙwabcin shagonsa mai sayar da kwano da katako ne, mutum mai fara'a da yawan gaisuwa, wanda ya daɗe yana kukan wurinsa ya yi masa kaɗan. Sau biyu ya taɓa taya shagon Tartsatsi, sau biyu aka kusa ɓatawa. Wannan karon Tartsatsi ne ya je da ƙafarsa. Suka yi magana a gaban shaidu: Mai Kwano zai ba da kwano da katako da ƙusa, ya ƙara da kuɗin filasta da na kafinta, shagon walda ya zama jingina. Wa'adi shi ne ruwan farko na damina mai zuwa. In an biya kafin nan, kowa ya riƙe nasa. In ba a biya ba, shago ya zama na Mai Kwano.

Lissafin Tartsatsi mai sauƙi ne, shi ya sa ya yi masa daɗi. 'Yan haya shida, kowa ya biya shekara guda a dunƙule, bashi ya fita cif. Bai bar wa tsautsayi ko taku ɗaya ba. Matarsa ba ta ji labari ba sai da maƙwabta suka fara yi mata murnar an ga kwano a kan gidansu.

"Da me ka biya?" ta tambaye shi da ya dawo.

"An yi yarjejeniya."

"Na ce da me, Malam?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye wankin da take ninkewa ta zauna a bakin gado.

"Shagon da muke ci a cikinsa. Ka ɗauki tukunyar da ke kan wuta ka jinginar, don ka sayi wadda ba a gama ƙerawa ba."

"Kafin damina gidan ya cika. Mutane har rububin ɗaki suke yi."

"Allah ya sa," in ji ta. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma shirun nan ya fi damunsa a kan ta yi ta faɗa.

Rufi ya hau, aka yi filasta, aka kafa ƙofofi. Ranar ya yi farin ciki, kada a hana shi wannan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa yana rufewa, yana sauraron yadda kowace ke zama a mazauninta da nauyi, ba ƙara ba gurnani. Washegari ya kira dillalin gidaje, wani siririn mutum mai waya biyu, wanda ba ya gama magana a ɗaya sai ɗayar ta yi kuka. Dillali ya shiga falon farko ya tsaya har idonsa ya saba da duhun.

"Baba, gida ya yi ƙarko, ba ƙarya. Ina ruwa?"

"Akwai masu kawowa a jarka."

"Hmm. Ga shi da rana tsaka sai an kunna fitila." Ya kama hannun Tartsatsi ya fito da shi ƙofar gida. "Duba can. Duba can kuma."

Ai ba sai ya nuna ba. A shekarun da ginin Tartsatsi ke rarrafe, awaki sun tashi, unguwa ta cika. Benaye uku ne a tsaye a kan layin, da tayil, da rijiyar burtsatse, da tanki a sama, kowane da allo a jikin get ana neman 'yan haya.

"Duk wanda ya sami kuɗi a garin nan gidan haya ya gina," in ji dillali. "Waɗancan ma rabinsu ba kowa, har sun rage farashi. Su kuma masu su ba gaggawa suke ba, ko shekara ɗakin ya yi a rufe ba za su kwana da yunwa ba. Kai fa?"

Ya faɗi kuɗin da za a iya samu. Tartsatsi ya yi lissafi a ransa. Ko duk shidan sun cika a wannan farashi, bashin ba zai fita ba, sai an ciko daga shago. Ke nan sai ya ƙara walda, abin da likita ya ce ya rage. Ya koma ya riƙa karɓar duk aikin da ya zo, har wanda a da yake rainawa, gyaran amalanke da ƙafar tebur. Yana aiki yana leƙen sama. Ko farin gajimare ya gani ya gifta, sai ya tsaya yana bin sa da kallo, alhali damina da saura.

Masu duba ɗaki suka yi ta zuwa suna tafiya. Mace ta leƙa ta ce zafi zai yi yawa, namiji ya tambayi ruwa ya ce zai yi shawara. Can dai Allah ya kawo wani malamin makaranta, saurayi mai ladabi da ke shirin aure, wanda hayar bene ta fi ƙarfin albashinsa. Ya duba ɗaki na farko, ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa ya ce, "Nan kam ko na yi tafiya hankalina kwance." Ya biya shekara guda, ya kuma ce akwai abokan aikinsa biyu da ke neman wuri, zai kawo su su gani in ya tare. Tartsatsi bai ko bari kuɗin sun kwana a hannunsa ba, ya kai wa Mai Kwano. Ranar ce ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Ranar kawo kaya ya je da kansa don ya yi maraba. Motar ta tsaya, 'yan'uwan amarya mata suka sauko suna duba wuri, 'yan dako suka fara sauke kaya. Katifa ta shiga da ɗan lanƙwasawa. Tukwane da akwatuna suka shiga. Sai aka zo kan doguwar kujera, irin ta yanzu, mai ƙiba da manyan hannuwa. 'Yan dako suka kawo ta bakin ƙofa ta tsaya. Suka juya ta a gicciye, ta tsaya. Suka miƙar da ita tsaye, suka cire mata ƙafafu, suka karkata, wani ya shiga ciki yana ja, biyu na turawa, har yadin hannun ya fara gogewa a jikin ƙarfe.

"Ku dakata, za ku yage ta," in ji yayar amarya, wata doguwar mace da ba ta da alamar wasa. "Gwada firjin."

Firji ma ya ƙi. Kabad kuwa ko gwadawa ba a yi ba, ido ma ya isa.

"A cire ƙofar mana," in ji malamin.

Tartsatsi ya san amsar tun kafin a tambaya. Ko an cire ƙyauren, firam ɗin na binne cikin siminti, shi da kansa ya yi masa ƙafafun rodi don kada ɓarawo ya iya ɓamɓarewa. Ko an fasa an cire firam, bangon daidai awonsa aka gina. Ya tsaya yana kallon kujerar a tsakar gida cikin rana, gumi na bin bayansa.

"Ba sai da kujerar ba a zauna..." ya fara.

"Baba," in ji yayar amarya, "kayan nan ubanmu ya yi shekara biyu yana tara mata. A bakin titi za mu bar su, ko mu sayar mu sayi tabarma?"

Ba wanda ya ɗaga murya. Malamin ya ja Tartsatsi gefe, kansa a ƙasa, ya ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifin, ya ce in da hali a taimaka masa da kuɗinsa don ya nemi wani wuri kafin biki. Aka mayar da kaya mota. Kuɗi kuwa sun riga sun shiga hannun Mai Kwano, kuma Tartsatsi ba zai iya zuwa ya ce a dawo da su ba. Janareto ya sayar ya mayar wa malamin kuɗinsa. Daga ranar aikinsa ya koma sai in an kawo wuta.

Labari ba ya kwana a bakin dillalai. Kafin mako ya zagayo an raɗa wa gidan suna, gidan da kujera ba ta shiga. Masu iyali suka ɗauke ƙafa. Waɗanda suka rage su ne waɗanda kayansu bai wuce katifa da jaka ba, irin waɗannan kuwa ba su da kuɗin shekara. Wani mai gadin kanti ya kama ɗaki ɗaya, wasu 'yan acaɓa biyu suka haɗa kuɗi suka kama ɗaya, wata tela da mijinta ya rasu ta shigo da keken ɗinkinta da 'ya'ya biyu. Dukansu wata-wata suke biya, in sun biya.

Sai ya ce bari ya gwada faɗaɗa ɗaya ya gani. Birkila ya ce sai an fasa bango an sake zuba linta, ya faɗi kuɗi, Tartsatsi ya ce zai neme shi. Ƙofar dai zai fara haɗawa, tunda wannan ba sai ya biya kowa ba. Ya ci bashin ƙarfe, ya jira aka kawo wuta, ya duƙa. Layin da yake bi da sandar walda yakan rabu biyu a idonsa, sai ya runtse na hagu ya ci gaba. Da ya gama ya tayar da ƙofar ya sa ta a firam, sai ta ƙi zama. Sama ta kama, ƙasa ta bar kafar da kaza za ta shige. Ya shafa ɗinkin waldar da yatsa ya ji shi a karkace, tudu da kwari. Tun da ya kama sana'a bai taɓa fitar da irin wannan aiki ba, yaron da ya yi masa haka a da sai ya sha rankwashi. Ya ja ƙofar zuwa ɗakin baya ya kife ta don kada wani ya gani. Ranar ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba.

Uwata ta zo da ɗan abin da ta tara, ta ce za ta kuma ci bashi a wurin aiki a riƙa cira daga albashinta.

"Ko kin ciyo ba zai kai rabi ba," in ji shi. "Ramin da na haƙa ba zan jefa ki ciki ba. Riƙe kuɗinki, kina da 'ya'ya."

"To shagon fa, Baba?"

Ya je wurin Mai Kwano ya roƙi a ƙara masa shekara guda. Mai Kwano ya sa aka kawo masa kujera da ruwan sanyi, ya saurare shi har ƙarshe.

"Wallahi da kuɗina ne da na ƙara maka," in ji shi. "Ni ma kayan nan kamfani ne ya ba ni, kuma sun fara aiko mini. Na riga na yi musu alkawarin zan faɗaɗa wuri in ƙara ɗaukar kaya. Amma ai ruwa bai sauka ba tukuna, Allah na iya kawo mafita."

Iska ta fara juyawa, zafi ya tsananta, gabas ta riƙa haɗa hadari da yamma tana watsewa. Mutanen gari na roƙon ruwa, Tartsatsi kuwa, Allah ya yafe masa, shi kaɗai ne ke jin daɗi in hadari ya baje. Yakan tsaya a bakin rumfa ya ɗaga kai, baƙin gilashin walda a goshi, har sai ya tabbata ya wuce. Abinci ya daina shiga. Matarsa ta riƙa ajiye kwanon ta ɗauke shi yadda ta kawo. Dillali ya daina ɗaukar wayarsa, duka biyun.

Ruwan ya sauko wata la'asar, yana tsaka da gyara wa wani ƙafar tebur. Ɗigon farko ya bugi kwanon rumfa, na biyu ya biyo, sai aka kece kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fito titi suna tsalle. Ya kashe inji, ya naɗe waya, ya zauna yana kallon ruwan na gangarowa daga bakin rumfa har aka ɗauke. Bai jira an aiko ba. Da safe ya kira shaidun, ya miƙa makulli da takardar shago. Mai Kwano bai yi masa wulaƙanci ba, ya mayar masa da abin da ya riga ya biya, har ya ɗora wani abu a kai, ya ce ya kwashe kayansa a tsanake. Injin walda ba shi da inda zai kafa shi, ba janareto, ga kuma mai ƙarfe na bin sa. Wani tsohon yaronsa ya saya. Abin da ya rage a hannunsa ya tafi wajen kwashe masai na gidan haya, wanda ruwan farkon nan ya cika.

Yanzu a unguwar gidan hayar ba mai ce masa Tartsatsi. Baba mai gida ake kiransa, masu wucewa har sukan ce, "Ai kai ka huta, sai dai ka zauna a kawo maka." Yakan amsa da godiya. Kullum da safe yana zuwa gidan, don zaman ɗaki ba ya yi masa, ya share tsakar gida, ya buɗe ɗakuna ukun da ba kowa su sha iska, ya rufe.

Wata safiya telar nan ta fito ta same shi, riƙe da wani guntun ƙarfe, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ƙafar keken ɗinkina ce ta karye tun shekaranjiya. Ga ɗinkin mutane a jibge, ga wata ya ƙare, na san kana jiran na haya. In ba a liƙe ta ba, ban san inda zan samo ba."

Ya karɓa, ya kai shi kusa da idon dama, sannan ya bi bakin karayar da babban yatsa. Ƙarfen zubi ne. Ya san daidai yadda za a yi, inda za a goge, inda za a fara ɗora wuta, aikin da a da zai gama kafin ta gama gaisuwa.

"Ki kai wa mai walda na bayan tasha. Ki ce masa ya gasa ƙarfen tukuna kafin ya liƙe, ya kuma bar shi ya huce da kansa, kada ya zuba ruwa. In ya zuba, zai sake tsagewa."

"An ce ai sana'arka ce, Baba. Na ɗauka kai za ka yi mini."

"Ba ni da inda zan yi," in ji shi.

Ta tsaya tana juya ƙarfen a hannu, ba ta tafi ba. Ya gane ko kuɗin gyaran ba ta da su. Ya laluba aljihu, ya zaro abin da matarsa ta ba shi na cefane, ya miƙa mata.